Alkunyar da Na Kai Manchester

Ni aka tura Manchester, ba don na fi kowa ilimi ba, karatuna a sakandare ya tsaya. Mota ce da ni kawai, ɗalibanmu kuma suna cikin jarrabawa. Ƙungiyarmu ta Hausawan Sparkhill, a Birmingham, ɗakin taro take nema inda mata za su riƙa girki ranar Asabar, yara su koyi Hausa. Wata gidauniyar agaji mai tallafa wa ƙungiyoyin baƙar fata ce ta gayyace mu ofishinta kusa da Oxford Road.

A can na tarar da wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika, ita ma daga Birmingham, mai kula da tsofaffin cocinsu. Ma'aikaciyar gidauniyar ta tambaye ta buƙatarta, ta zayyano tsaf: ɗaki, murhu, kujeru. Har kunya ta kama ni a madadinta.

Da aka juyo kaina, na sunkuyar da kai na ce mu dai alhamdu lillahi, ba mu da wata matsala. Jira nake a matsa mini, yadda ake yi wa baƙo a gida, sai a tayi na uku ya sa hannu a kwano. Ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta rubuta, ta rufe littafinta.

Babban laifina bayan na dawo na aikata shi. Na ce wa jama'a an hana mu, na ƙara da cewa ai kun san yadda ake kallon baƙar fata a ƙasar nan. Wariyar akwai ta, mun sha ɗanɗana ta wajen neman gida da aiki, amma ni na ɗauke ta na rufe wautata da ita. Hajiya, shugabar matanmu, sai da ta yi ƙwalla.

Bayan mako uku na kai Hajiya cefane Stratford Road, sai ga dattijuwar nan a shagon kayan miya. Ta ɗaga murya da Turanci, "Ga mutumin da ƙungiyarsa ba ta buƙatar komai!" Hajiya kuwa tana jin Turanci sarai.

"Malam, me ka ce musu a can?"

"Hajiya, alkunya na yi."

"Alkunya? Gidan surukanka muka aike ka?"

Da Hajiya ta fassara wa dattijuwar al'adar, ta yi dariya har ta dafa buhun shinkafa. Ta ce ɗakin da aka ba su a rufe yake wuni ranar Asabar, kuma gidauniyar ta fi son ƙungiyoyi su haɗa kai. Amma ta ce dole sai na kira gidauniyar na nema da bakina.

Nan tsakanin kuɓewa da attaruhu na kira. Na ce muna son ɗaki, muna son murhu.

"Da manyan tukwane!" in ji Hajiya a kunnena. Na faɗa.

Ranar Juma'a na tsaya gaban jama'a na ce ƙarya na yi, ba wanda ya hana mu. Allah Ya yafe mini. Su dai sun yafe, bayan sun sha dariya.

Mun karɓi makullin ɗakin nan nasu kafin wata ya ƙare. Asabar ɗin farko tsofaffin cocin ma suka zo, wai ganin hanya. Hajiya da dattijuwar suka tsaya kan murhu ɗaya suna gardamar wadda ta fi iya dafa shinkafa da wake, ni kuma aka ba ni wankin tukwane.