Naman da Ke Aljihun Baba

Akwai wata Sallar Layya da muka yi a garin Sabha, can kudu da Tarabulus, wadda har abada ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina 'yar makaranta marar magana, irin yaran da ke laɓewa bayan labule in baƙo ya yi sallama. Sai dai idona ba ya barin komai ya wuce.

Mahaifina mutumin Nijar ne, yana aiki a wata gonar dabino a Ghuddwa, wani ƙauye kusa da Sabha. Tun tasowata na san shi da ƙwannafi, kofin jiƙaƙƙiyar kanwa ba ya barin gefen tabarmarsa. Da abin ya tsananta, likita ya zura masa siririn tiyo mai kyamara ta baki, wanda a nan ake kira manzar. Ya ce ruwan tsamin da ke tasowa daga ciki ya ƙone fatar ƙasan hanyar abinci har ta canja kama. Ba ciwon daji ba ne, amma a irin wurin yake tsirowa. Don haka dole a riƙa leƙawa lokaci-lokaci, a ɗan yago a gwada, ko da yana jin kansa garau.

Baba ya yi shekaru yana zuwa. Kowane zuwa sai ya wuni da yunwa, ya ratsa shingayen da ake tambayar takardu, ya dawo da maƙogwaro yana raɗaɗi. Amsar kuma ba ta canjawa: babu abin da ya ƙaru, a sake dawowa. Can sai ƙwannafin ya lafa, har ya daina shan kanwa.

"Malam, lokacin manzar fa ya wuce," Inna ta tuna masa wata safiya.

"Haba, ke kuwa! Kullum su zura min igiya kamar masu yasar rijiya, su ce ba su ga komai ba. Wanda ya warke me zai je nema?"

Daga nan bai ƙara komawa ba.

A gidanmu 'ya ba ta zama ta kalli uba yana cin abinci. Nawa in kai, in dawo in ɗauke kwano. To, a kwanon nake ganin abubuwa. Burodi sai ya narke a shayi kafin ya taɓa shi. Butar ruwan da a da take dawowa rabi ta koma dawowa wayam. Tuwo kuwa gefen da miya ta jiƙa kaɗai yake gutsura. Na faɗa wa Inna, ta ce haƙori ne da girma.

Ranar Sallar, abokan aikinsa suka zo, na kai musu soyayyen nama. Ina jiyo ɗayansu yana tsokanarsa: "Kai dattijo, kai da ake ɓoye wa kaskon suya, yau kuma yanga kake mana?" Baba ya yi dariya, aka ci gaba da hira. Kwano ya dawo fes, har na ji sanyi a raina.

Da la'asar ya tuɓe rigar idi ya ce in jiƙa. Na sa hannu a aljihu in fiddo carbi, sai na taɓo wani ƙullin leda mai ɗumi. Nama ne. An tauna shi lilis, an furzar, ba a haɗiye ko tsoka guda ba.

Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba sai in ya tambaye ni. Ran nan na je na durƙusa, na ajiye ƙullin a gabansa.

"Baba, ba ya wucewa ko?"

Ya daɗe yana kallon ledar. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa ya aike ki aljihuna?" Babu faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai.

Inna na tsaye bakin ƙofa. "Tun yaushe, Malam?"

"Tun kakar dabino," ya ce, bai ɗago ba.

Bayan Sallah Inna ta raka shi asibiti. Wannan karon likita bai ce babu komai ba. Ya ce dajin ya tsiro har ya matse hanya, da an zo lokacin da aka sa, da tun yana ɗan tabo za a kankare shi ta cikin tiyon. Aka kai Baba Tarabulus, ya dawo a rame, kunu ma sai da cokali. Kafin dabino ya sake nuna muka binne shi a nan, nesa da garin da kullum yake cewa zai koma.

Abin da na koya shi ne, shirun ciwo ba warkewa ba ne, kuma lokacin da mutum ke jin lafiya shi ne lokacin zuwa a duba shi. Waccan amsar da ta gundure Baba ita ce albishir mafi girma da aka taɓa yi wa gidanmu. Ba mu sani ba sai ranar da aka daina faɗa mana ita.