Injin da Aka Ba Mai-Moɗa

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan kakana Malam Isuhu, can Tamawa, ya san ba a barin saura a moɗa. Yana tsaye a kanka kamar mai gadi. Ka kurɓa ka ajiye, sai ya leƙa ciki ya ce, "Shanye, ko ka tashi ka kai wa barkono." Daga nan ya samo sunan Mai-Moɗa, kuma wallahi daɗin sunan yake ji. Ni da nake jikarsa, yana ce mini amarya, amma ko sau ɗaya angon nan bai taɓa cika mini bokitin wanka ba.

Manomin lambu ne a bakin rafi. Da rani sai a haƙa rami cikin yashin rafin, ruwa ya taru, a riƙa jansa da jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a kai. Ramin shi ne abincin gidanmu. Tun da ya ga farin farko, wanda ya kashe shanun mutane, sai tsoron ƙarewar ruwa ya shige shi bai sake fita ba.

Ko masallaci bai tsira ba. Ƙwarya yake tarawa a ƙarƙashin masu alwala. Wata rana Liman na wanke hannu na uku, sai ya riƙe masa buta.

"Allah gafarta Malam, ba kai ka ce mana farilla sau guda ce ba?"

"Uku sunna ce, Malam Isuhu."

"To a bar sunnar sai damina!"

Liman ya fashe da dariyar da ta kusa karya masa alwalar.

Ruwan wanke-wanken Inna Hajjo, matarsa, kuwa duk lambu ake kai shi. Wani mai saye a kasuwar Kurfi ya taɓa sunsuna albasarsa ya ce yana jin ƙanshin miya. Tsoho ko a jikinsa, ya ce, "Daddawar kyauta ce, ban sa ta cikin ciniki ba."

Dabararsa ita ce binne tuluna a tsakiyar shuka, ya cika su ya rufe baki, ruwa ya riƙa tsatsowa a hankali zuwa saiwa. Wani malamin gona, Mista Bulus, ya gani ya yaba, ya kai sunansa wurin hukuma. Sai ga saƙo wai za a ba Mai-Moɗa kyautar tattalin ruwa a nunin amfanin gona na Dutsin-Ma. Kai, ranar mun sha ado! Muna isa filin muka tarar da motar ruwa tana yayyafa ƙasa saboda manyan baƙi. Tsoho ya tattare babbar riga ya bi motar da gudu yana ihu, "Direba, tsaya! Motarka ta huje!" Da ƙyar Mista Bulus ya kamo shi.

Aka kira sunansa, aka yi tafi, aka yaye buhun da aka rufe kyautar da shi. Injin ban-ruwa ne sabo fil, ja, yana walƙiya.

Tsoho ya ce, "Mi wanga ke yi?"

"Baba, abin da jigonka ke ja a yini, kafin ka cinye goro ya ja shi," in ji Mista Bulus, da zuciya ɗaya.

Tsoho ya ce, "Na gode, ɗana. Amma kura ce kuka ba ni in kai cikin awaki."

Ya kawo shi gida ya kulle a ɗaki. Kan injin yake rataye hula, har kazar Inna ta yi ƙwai a gindinsa. Muka riƙa yi masa tsiya wai ya yi sabuwar amarya ya sa ta kulle.

To, dariyar a nan ta tsaya. Fari ya dawo, hatsi ya ƙone a gona, kowa ya faɗa rafi neman abin kai wa baki. Maƙwabta suka zo aron inji, Kawu Lawal, ɗan cikinsa, yana gaba. Tsoho ya ƙi, ya sake ƙi. Sai Kawu ya ce, "Baba, yara na kwana da yunwa kana ɗaki da ƙarfe." Tsoho ya miƙa makulli. Ya ce, "Ku ci bana. Baɗi kuma Allah na nan."

Sun ci kuwa, ba zan yi ƙarya ba, har da ni. Masu hali suka ga amfani suka sayo nasu, rafi ya cika da ƙara. Ruwa ya riƙa nutsewa cikin yashi, jigon tsoho ya daina kai wa. Ya ƙara igiya, ya ƙara haƙa, da tsufansa, har ranar da guga ya fito da busasshen yashi. Injinan ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Samari suka tafi cin rani, wasu har yau ba su dawo ba.

Bai ce wa kowa "na gaya muku" ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Kullum sai ya tafi lambun da babu ko ganye, ya zauna har azahar. Na ce, "Ango, mi kake tsaro?" Ya ce, "Kada ruwan ya dawo bai iske kowa ba, amarya."

Ranar da ya rasu, ruwan da aka yi masa wanka a bayan jaki aka ɗauko shi daga Kurfi.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, inda ruwa ba ya ƙarewa, ko hankalinsa ya kwanta.