Takalman Yayana

Ni ban shiga lakkol na yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba mai gyara mini shi.

Shekarar da nasara suka zo neman soja, babanmu da hannunsa ya nuna yayana, ya ɓoye ƙanenmu. Aka zuba shi da sauran samari a kamiyo, babbar motar kaya, aka ce yaƙi za su a wata ƙasa mai nisa, Indosin. Bayan damina huɗu ya dawo gidanmu na Zango, ya rame, yana tafiya a hankali cikin baƙaƙen takalma masu igiya.

Baba baduku ne, a zaure yake aiki. Duk ɗan gidan nan in zai gaishe shi, takalmi yake cirewa ya durƙusa. Yayana ya tsaya ƙyam da takalmansa a kan buzun Baba, ya gaishe shi daga tsaye. Baba bai amsa ba.

Haka muka yi wata biyu. Yayana ba ya zuwa masallaci, salla sai a ɗaki, ƙofa a rufe. Unguwa ta ɗauka cewa ya zama nasara. Inna ta daina cin abinci. Baba kuwa ya ce ran Juma'a, gaban dattawa, ko dai ya cire takalman ya durƙusa, ko ya cire shi daga cikin ƴaƴansa.

Ran Alhamis da hantsi na kai wa yayana fura, na tura ƙofa ban yi sallama ba. Ƙafarsa ta hagu na gani a waje. Babu yatsu, rabin tafin ya tafi, ya cusa tsumma a takalmin. Gwiwar ma ba ta lanƙwasuwa. Ya riƙe mini hannu har ya yi ciwo, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Na ce gobe fa za a kore shi.

Ya ce, "Shi ya nuna ni. Ba na son tausayinsa."

Juma'a bayan an sauko, dattawa suka cika zaure. Yayana ya shigo ya tsaya. Sau biyu Baba ya ce ya cire takalman, bai cire ba. Na ga Baba ya ajiye basilla, ya gyara zama zai yi maganar da ba ta komawa.

Mace ba ta shiga zaure gaban maza. Na shiga. Na durƙusa gaban yayana na kama igiyar takalmin. A hankali ya ce, "Kin rantse."

Na ce, "Bakina ya rantse, Yaya."

Da ya so, da ya janye ƙafar. Bai janye ba. Na kwance igiyar, na zare takalmin.

Dattawa suka kawar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka fita. Baba ya daɗe yana kallo. Bai ba shi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya matso, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya auna abin da ya rage da yatsunsa, sannan ya ce in miƙo masa jar fatar nan mai laushi.