Sunan Surukina da Ban Rubuta Ba

Ban taɓa kiran sunan surukina ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu, haka kuma na tarar a gidan aurena, a wani ƙauye da ke gefen Rimin Gado. Baba muke ce masa. Ko ɗan maƙota mai irin sunansa ne ya shigo, "mai sunan Baba" nake cewa. Kuma wallahi ban taɓa jin nauyin hakan ba, daɗi ma nake ji in mata suka yaba mini.

Ina da 'yar takardar difloma ta kwamfuta da har na fid da ran za ta yi mini rana. Sai ga wata ƙungiya mai aiki da manoman rani na bakin dam ɗin Watari ta buɗe ƙaramin ofis, tana neman mai ɗora mata abubuwa a shafinta na intanet. Maigidana ya yi ta nuƙu-nuƙu. Baba ne ya raba gardama, ya ce a bar yarinya ta je, ilimin da aka kulle a akwati gara ce ke cinye shi.

Aikin ba wuya. Ma'aikata kan zaga ƙauyuka su ɗauko hotuna da muryoyin tsofaffin manoma, kowa ya faɗi abin da ya sani a kan iri, taki da ajiyar hatsi. Ni kuma sai in shiga ta bayan shafin da lambar sirri, in ɗora kowane fayil, in ba shi take, sannan in cike gurbin bayanin mai magana, wato sunansa da garinsu. Shugabar ofishin wata Hajiya ce mai faɗa, amma ba ta da riƙo. Tun ranar farko ta ja mini kunne.

"Wannan abin da kike gani ba ya jin magana," in ji ta. "Abin da kika rubuta kaɗai yake gani. In an zo nema, da shi zai nemo."

Na ce na ji. Ai kuwa na ji ɗin.

Wata rana da kaka ma'aikatan suka je har gidanmu, suka zaunar da Baba a gindin rumbu, ya yi musu bayani a kan tsohon irin dawar da ya gada a wurin mahaifinsa. Washegari fayil ɗin ya iso teburina, tare da 'yar takarda ɗauke da cikakken sunansa. Na ɗora muryar lafiya lau. Da na zo gurbin suna sai yatsuna suka tsaya cak. In rubuta sunan Baba harafi bayan harafi, gatsal, kamar wani sa'ana? Ba wanda ke kallona, amma sai na ji kamar duk ƙauyen ne a tsaye a bayana. Na sa masa take irin wanda muke sa wa waɗanda takardarsu ta ɓace, na tsallake gurbin gaba ɗaya, na ce gobe abokiyar aikina za ta cike mini. Goben ba ta zo aiki ba. Jibi aka kawo wasu fayilolin tuli. Shi ke nan, maganar ta bi ruwa.

Bayan haihuwata ta biyu na bar aikin. Ofishin ma daga baya ya tattara ya koma cikin birni. Shekaru suka shuɗe.

Baba ya rasu da damina, ana tsakiyar maimai. Kwana huɗu kacal ya yi a kwance. Mutum ne da bai yarda da waya ba, in an kira shi sai dai a riƙe masa a kunne, don haka ba wanda ke da muryarsa ko ta minti ɗaya. Hotonsa ma sai na jikin katin zaɓe, wanda ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi.

Bayan sadakar arba'in, surukata, wadda muke kira Inna, ta kira ni ɗakinta. Tana cikin takaba, ta rame, carbi a hannu.

"An ce muryar Malam tana cikin injin nan naku."

Na ce tana nan.

"Na fara manta ta," in ji ta. "Tafiyarsa ina ganinta, tarinsa ina jin sa. Amma in na nemi yadda yake magana sai in rasa. Sau ɗaya nake so in ji, in riƙe."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kamar ta ji ta gama. Da bakina na faɗa, har da 'yar dariya, don ina ganin aikin minti biyar ne.

Na kira Hajiya. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce na taki sa'a, aikin ƙungiyar ya ƙare, ƙarshen watan nan za a rufe shafin. Ta sa aka sake buɗe mini tsohuwar lambar sirrina. Da na lissafa, kwana bakwai ne a hannuna.

A ƙauyenmu sabis ba ya shiga gida. Sai ka hau tudun bayan firamare, ka tsaya a gindin wata kuka, shi ma yana zuwa yana ɗaukewa. Kullum da hantsi, in na gama wanke-wanke, sai in ɗauki wayar maigidana in nufi can. Ranar farko shafin ya buɗe, ga akwatin bincike a sama kamar yadda na bar shi. Sai a lokacin na tuna. Amma na ce wataƙila wani ya cike gurbin bayan tafiyata. Na waiga hagu da dama, sannan na rubuta sunan Baba, karo na farko a rayuwata. Abin ya yi ta juyi, ya ce ba a sami komai ba.

Na yi tsaki, ni kaɗai a gindin kuka. Sunan da na ƙi rubutawa lokacin da zai yi amfani, ga shi na rubuta a banza.

Taken da na sa ma ya kwanta mini. Na rubuta "dattijo", sai ga shafi bayan shafi. Na rubuta "dawa", suka ma fi haka yawa. Na ce bari in tace da kwanan wata, tun da na san da kaka ne. Ashe an taɓa sauya wa shafin mazauni, duk tsofaffin fayiloli suka ɗauki ranar da aka kwashe su. Na nemi waɗanda ni na ɗora, su ma an haɗe su a ƙarƙashin sunan ofis. Ba abin da ya rage sai in bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne.

Haka na yi kwana biyar. In danna, in jira, wani tsoho ya yi gyaran murya ya yi bisimilla, in ji ba shi ba ne, in wuce. Wasu na gane su, kuma na san sun riga mu gidan gaskiya. Wani mai bayanin taki, da ya fara magana sai na ɗauka Baba ne, don muryarsa ta yi kama da tasa ƙwarai. Na saurara har ƙarshe ina kuka, alhali na san ba shi ba ne. Mata masu wucewa gona suna ganina da waya a kunne, har wata ta ce ba a daɗe da yin arba'in ba amma an fito hira. Da a wani lokacin ne da ta ji a jikinta, don ni bakina ba ya ajiya. Ranar ko kallonta ban yi ba.

Kullum na dawo, Inna ba ta tambaya. Ɗago kai kawai take yi ta dube ni, in ce sabis ne ya hana, ta ce Allah ya kai mu gobe.

Rana ta shida na lura da wani ɗan gurbi a gefe da ban taɓa dannawa ba, inda ake zaɓar matsayin abu: wanda aka wallafa, wanda ake kan gyarawa, da wanda aka cire. Na zaɓi na ƙarshen. A layi na uku na gan shi, da kalmomina: "Wani dattijo yana bayani a kan irin dawa." A gefe an rubuta minti goma sha bakwai. Na yi hamdala a fili, na danna. Shiru. Na sake dannawa. Sai rubutu ya fito cewa babu fayil ɗin.

Na kira Hajiya nan take. Ta ce lokacin sauya mazauni an yanke cewa duk muryar da ba a san mai ita ba a goge ta, don ba za a ci gaba da ajiye maganar mutumin da ba a san inda za a nemi izininsa ba. Take kawai aka bari. Na'urorin da aka ɗauka da su kuwa tuni an ɗora wasu abubuwan a kai.

"Wa ma ya ɗora shi ba suna?" ta tambaya, faɗan nata ya motsa.

Na ce ni ce.

"Ke? Don me?"

"Surukina ne."

Sai ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na so in yi wa Inna ƙarya, in ce turawan da ke da ƙungiyar ne suka rufe abinsu. Har na shirya ta a hanya. Amma da na durƙusa a gabanta sai gaskiyar ta fito da kanta, tun daga 'yar takardar har zuwa gurbin da na tsallake. Na jira ta yi mini faɗa. Wallahi faɗan nake so, da ta mare ni ma da na samu sauƙi.

"Kin yi abin da aka koya miki," in ji ta. "Allah ya yi miki albarka."

Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini ciwo irin wannan ba.

Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta gyara zama, ta matso kusa da ni.

"To tun da ke kin ji, faɗa mini. Me ya ce musu? Bi da ni a hankali, yadda ya faɗa."

Nan ne na rasa inda zan sa kaina. Ranar da na ɗora fayil ɗin, ina sa abin sauraro a kunne na ji sallamarsa, sai na cire da sauri. Muryar surukina a cikin kunnena, kamar yana yi mini raɗa? Na kasa. Minti goma sha bakwai, sallamar kaɗai na ji.

"Ban saurara ba, Inna."

Ta dube ni, idonta ya cika amma bai zubo ba.

"Ni ma ranar da suka zo ina ɗaki," in ji ta. "Ya aiko in fito in ji. Na ce ina ni ina zama kusa da shi a gaban baƙi."