Amsoshin da Na Rubuta da Sunan Maƙwabcina

Shekara goma sha biyu ina sayar da tayoyin mota a bakin tashar Kawo. Da gumina na kafa shagon, ba gado na ci ba. Sai wani mai suna Sabi'u ya buɗe nasa a gefena. Bai fi ni sanin taya ba, baki kawai ya fi ni. Wata jaridar intanet ta turo masa tambayoyi ta imel, aka buga hirar har da hotonsa. Direbobi suka fara wuce ƙofata.

"Maƙwabci, ka ga jaridar?" in ji shi yana dariya. "Ko in karanta maka?"

Na ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka."

Da ƙaramin abu na fara. Na buɗe imel da sunan direban da babu shi a duniya, na aika wa jaridar yabon shagona. Suka buga, ba su bincika ba. Sai na buɗe wani da sunan Sabi'u, na ce ina da ƙarin bayani. Suka turo tambayoyi, na amsa da bakinsa: wai yana kankare kwanan watan tsofaffin tayoyi ya sayar a matsayin sababbi. Aka buga, "in ji Malam Sabi'u." Hukuma ta rufe shagonsa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

Wata 'yar jarida daga wani gidan jaridar ta so bin labarin, ta rubuto wa imel ɗin. Na amsa. Ta ce, "Malam, ba na jingina wa mutum magana sai na ji muryarsa. Turo lambarka." Na ƙi turawa. Washegari ta je gidan Sabi'u a Badarawa da amsoshin a takarda. Ya rantse bai taɓa ganinsu ba, ya kai ƙara. 'Yan sanda suka bi sawun imel ɗin har wayata, alƙali ya tura ni gidan yari.

Da na fito na je na durƙusa gaban Sabi'u. Ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma Innata ta rasu tana tambayata ko da gaske ina cutar direbobi. Wannan wa zai gyara?"



'Ya'yana, in kun ga an ɗaga wani zuciyarku ta yi zafi, ku nemi tsarin Allah tun a nan. Ku kuma masu rubuta labari, imel ba shi da fuska. Ku kira mutum ku ji shi kafin ku rubuta "in ji wane."