Shekarar da Na Sa Baba Ya Yi wa Mangwaro Aski

Ilimin manya na je karantawa a Kuala Lumpur, ba noma ba. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka masanin itatuwa ne ya yi abin da na yi. Malami ne ni a wata kwalejin horar da malamai, aka ba ni tallafin ƙaro karatu, na zaɓi in yi bincike a kan yadda ake koyar da masu noman 'ya'yan itace na kasuwa a watannin da aikin lambu ya lafa. Dalilin zaɓin bai wuce lambun Baba ba. Mangwaro ne mai aure, bishiya sittin da 'yan kai, wasu a bakin rafi wasu a tudu, a garinmu, kudu da Kano, kuma da shi ake ci ake sha a gidanmu tun ina ƙarami. Shekarar da ya yi 'ya'ya, dillalai su zo da motoci, gida ya wadata. Shekarar da bai yi ba, kowa zai gani a tukunya.

A unguwar Pantai Dalam nake zaune, hawa na tara, ni da wani Bakatsine mai karatun injiniya, mutumin kirki amma bakinsa ba ya hutawa. Malamar da ke duba aikina 'yar Malay ce, gajeruwa, ba ta son dogon surutu. A zangona na biyu ta tara mini bidiyo da ƙasidu na ƙasashen da ake ƙanƙara, ta ce in je in ga yadda suke yi. Can, idan sanyi ya kankama aka rasa abin yi a gona, sai a tara masu lambun tuffa da inabi a babban ɗaki, a ba su shayi, a koya musu maganin ƙwari da neman kasuwa da gyaran itace. A haɗa su da masu ba da dashe, a gwada musu ƙasar gonarsu, wanda ya yi asara a bara a zauna da shi a ji ta bakinsa.

Abin ya burge ni ƙwarai. Na yi makonni ina kallon wasu dattawa cikin manyan riguna suna yanke rassa a cikin ƙanƙara, ni kuma fanka tana kaɗawa a kaina, ruwan la'asar yana dukan taga. Duk malaman da ke cikin bidiyon bakinsu ɗaya: da sanyi bishiya barci take yi, ta zubar da ganye, lokacin ne ake yi mata aski. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu.

Su Baba suna da ƙungiya ta masu lambun mangwaro, ba su kai mutum talatin ba, suna haɗuwa a wata rumfa bayan sallar Juma'a. Sai na ga ai ni ma zan iya buɗe musu irin wannan makaranta daga inda nake. In ɗauki darasi da muryata a waya, in tura wa Baba. Wayarsa ba ta da ƙara, rumfar kuma a bakin hanya take, saboda haka shi yakan saurara a gida, ya je ya faɗa musu da bakinsa. Na gaya wa kaina taimako nake yi. Akwai taimakon, amma akwai kuma son a ce ɗan wane yana can ƙasar waje yana koyar da mutane.

Darasi uku na farko sun tafi lafiya. Na yi maganar tsince mangwaron da ya faɗo a binne shi, don ƙudan da ke sa masa tsutsa ya rasa wurin haihuwa. Na yi maganar haɗa kai a sayi injin feshi ɗaya, da haɗa baki kafin dillalai su iso. Baba ya ce mutane sun yaba. Tun da na fara koyarwa Malam yake ce mini, ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. Abokin zamana kuwa, duk sanda ya dawo daga shagon abincin da ake ce wa mamak da gurasar roti a leda ya tarar ina magana da waya, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe sarkin noman Pantai Dalam," in ji shi. "Kai da ko tumatir ba ka taɓa shukawa ba, yanzu ka zama consultant. Zo ka makan lah, ka ci abinci, kafin manoman su kira."

Darasi na huɗu a farkon Disamba na ɗauke shi. Na gyara murya irin ta aji, na ce tunda sanyi ya shigo, itatuwa sun shiga hutu, yanzu ne lokacin aski. A datse kan kowane reshe kamar tsawon kamu ɗaya, a buɗe tsakiyar bishiya rana ta shiga. Har zane na yi a takarda na ɗauki hoto na haɗa. Washegari Baba ya kira, abin da ba ya yawan yi.

"Malam, a wannan watan?"

"A wannan watan, Baba. Haka ake yi a duk ƙasashen da suka ci gaba."

Ya ce, "To."

Na ji yadda ya faɗe ta, a hankali, ya ɗan ja ta. Ina sauri zan kama jirgin ƙasa, sai na yi masa sallama.

Bayan kwana goma malamata ta tura ni wani taron horarwa na kwana biyu da aka shirya wa manoman ƙasar a wani ɗakin taro a cikin jami'a. Su ba su da sanyi, sai dai akwai watannin da ruwa yake yawa, aikin lambu ya ragu, a nan ake kiransu. Aikina in zauna a baya in rubuta wa ya yi magana, wa ya yi gyangyaɗi. Akwai masu gwaiba, akwai masu gwanda, akwai masu durian, wannan mai ƙaya da warin da ke hana a shiga da shi jirgi. Malamai matasa suna ta nuna hotuna a bango, manoman sun harɗe hannu suna kallo. Na lura ba sa gardama. Idan aka faɗi abin da bai yi musu ba, sai su dubi juna, ɗaya ya ɗan yi tari.

Da aka tashi cin abincin rana na zauna kusa da wani tsoho siriri mai baƙar hula, kowa yana ce masa Pak Cik, wato kawu. Daga can arewacin ƙasar ya zo, kusa da iyakar Thailand, inda suke samun ɗan rani da iska mai sanyi, kuma mangwaro yake nomawa. Da na ji haka sai na ciro waya na nuna masa lambun Baba. Turancinsa kaɗan ne, Malay ɗina bai wuce na sayen abinci ba, amma mun fahimci juna. Ya daɗe yana kallon hoton, ya yaba tazarar da aka ba itatuwan. Sannan ya tambaye ni a wane wata suke fure.

Na san watan da ake sha. Na san ƙanshinsa a cikin ɗakin Umma, na san yadda ake jera shi a kwando. Amma shekara talatin da biyar ina cin arzikin lambun nan, ban taɓa lura da ranar da ya yi fure ba. Don in rufe kunyata sai na nuna masa zanen da na tura gida, na ce ga abin da muke yi yanzu.

Ya ajiye cokali. Ya tambayi watan da muke tsinka, na ce daga Afrilu. Ya ƙirga da yatsu yana komawa baya, ya tsaya a kan Disamba da Janairu.

"Daidai da nawa," ya ce. "Mangwaro ba ya barci da sanyi, lah. Sanyin ne yake tashinsa. Furen a kan reshe yake fitowa, nan, a ƙarshe." Ya kama ɗan yatsansa ya nuna mini farcen. "Ka yanke nan yanzu, ka yanke 'ya'yan. Mu bayan an gama tsinka muke aski. Wa ya gaya wa babanka ya yi haka?"

Na ce wani malami ne.

Ban ƙarasa shinkafar ba. Ƙarfe biyu na rana a Kuala Lumpur ƙarfe bakwai ne na safe a gida. Na fita baranda, ruwa yana zuba, na kira. Baba ya ɗauka, kuma kafin ya yi magana na ji saran adda a bayansa.

"Baba, a dakata. Don Allah a dakata da askin nan."

Ya yi wa masu aikin magana, saran ya tsaya. Na tambaye shi nawa aka yi. Ya ce an gama duk na bakin rafi, yau ne za a hau na tudu. Na bakin rafin su ne manya, su ne suka fi bayarwa. Na tambayi sauran 'yan ƙungiya. Ya ce ya faɗa musu, an yi ta 'yan maganganu, sai ya ce kowa ya bari shi ya fara gwadawa a nasa.

"Baba, kun san fure za su yi?"

"Yo ba ni na dasa su ba? Wasu ma har sun fara kumburo kai."

"To me ya sa kuka yanke?"

Ya ce, "Na ce ko an samo wani sabon ilimi ne da bai iso mu ba. Ai kai aka tura karatu."

Ban ji faɗa a muryarsa ba, da ma ya yi faɗan. Na koma ɗakin taro na zauna a kujerata ta baya, na ci gaba da rubuta wa ya yi magana. Kunya ce ta cika ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Da aka tashi Pak Cik ya dafa kafaɗata ya ce itatuwan ba za su mutu ba, za su yi sabon ganye, baɗi su bayar. Gaskiya ya faɗa, amma a bana ake cin abinci.

Haka kuwa aka yi. A Fabrairu na tudu suka yi fari fat da fure, na bakin rafi suka fito da jan ganye sabo, sun yi kyau abinsu, babu fure sai ɗai-ɗai. A Afrilu dillalin da ya saba zuwa da mota biyu ya zo da ɗaya. Ba wanda ya kira ni ya yi ƙorafi. Kwanon ɗakin Umma da aka yi niyyar sauyawa kafin damina bai samu ba, aka ci gaba da tara roba a inda yake yoyo. Wannan ma a bakin Umma na ji, cikin hira, tana ba ni labarin wani abu dabam.

Na daina tura darasi. Na ci gaba da karatuna, ina zuwa laburare, ina dawowa. Abokin zamana ya daina kirana sarkin noma, kuma shirun nasa ya fi tsokanar ciwo. A babi na biyu na kundina na ƙara sakin layi guda a kan cewa tsarin da aka gina a kan tuffa ba ya hawa kan mangwaro. Malamata ta sa masa alamar yabo a gefe, ban gaya mata inda na samo shi ba.

Wajen watan Yuni, ina hira da Umma, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da mutanen rumfa suke faɗa a kaina.

"Me za su ce? Ai babanka ya gaya musu kai bayan tsinka ka ce a yi. Shi ne ya yi gaggawa. Har yanzu suna tsokanarsa, wai tsufa ya sa ya manta watan fure. Shi ma dariya yake yi."

Mutumin da ake zuwa daga ƙauyuka a tambaye shi yadda ake aurar da mangwaro, shi ake yi wa wannan dariya. A ranar, bayan la'asar, na rufe ƙofa na ɗauki murya. Na faɗi komai yadda ya faru: ni na ce a yi aski da sanyi, Baba ya tambaye ni, na nace, ban san watan da mangwaro yake fure ba. Na roƙi a kunna musu wannan da muryata ko da wayar ba ta da ƙara. Na tura.

Washegari ya kira.

"Malam, na ji saƙonka. Na goge."

"Baba, ai gaskiya ce."

"Na sani. Amma maganar tsince na ƙasa da ka yi, bana tsutsa ta ragu a lambun duk wanda ya bi. Ni na shekara nawa ina faɗa musu, ba su ji ba, sai da aka ce daga waje ta zo. In suka daina jin maganarka, ta wa za su ji? Ni dariyar ba ta rage ni da komai ba. Juma'a uku ke nan suna tambaya ko an rufe makarantar. Turo na gaba."

Na tsaya a bakin taga da wayar a kunne, jirgin ƙasa yana wucewa a ƙasa. Na ce to, zan turo, amma akwai abin da nake so in fara sani.

"Baba, a wane wata mangwaro yake fara fure?"

Ya yi gyaran murya, ya ce ya danganta da iri, da kuma ko na tudu ne ko na bakin rafi. Na ce ya ɗan jira ni in ɗauko biro.