Maganar da Tari Ya Yanke wa Baba

Da daminar bana shekara goma sha shida ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Idi magini, kuma har yau ina nan inda ya bar ni, a tsakiyar garin Daura, cikin zauren da kakansa ya gina da ƙasar kududdufin bayan gidanmu.

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwarmu za shi rijiyar Kusugu ya san zauren nan. Shi kaɗai ya rage na ƙasa a layin. Hagu da dama an fasa an yi shagunan bulo, ga mai cajin waya, ga mai kayan babur. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoton zanen da Baba ya yi da yatsunsa a saman ƙofa, su ce, "Kai, tarihi!" su wuce abinsu. Tarihi ne kam, ban musa ba. Sai dai ba su ke hawa tsani duk bazara su yi masa yaɓe ba. Ni ke hawa.

Baba ya kwanta ciwo shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Gari ya ɗauki kabbara ko'ina, shi kuwa yana kwance a zauren, ya ƙi yarda a shigar da shi cikin gida. Lokacin takardar ɗaukata aikin koyarwa a wata kwaleji a Zariya tana aljihuna, na kasa nuna masa. Ran nan da hantsi ya kamo hannuna, ya ƙura wa azarar rufi ido, ya ce, "Sani, kada ka bar zauren nan..." Sai tari ya sarƙe shi. Bai ƙara cewa uffan ba har Allah ya karɓi abinsa bayan la'asar.

Ni dai abin da kunnena ya ji ke nan. Na ninke takardar na tura ƙasan akwati.

Da aka zo rabon gado, Yaya Binta, babbarmu, ta ce a fasa zauren a fitar da shaguna kowa ya amfana. Na tubure. A gaban alƙali na ce a bar mini shi a matsayin kasona, su riƙe gonar hanyar Mai'adua. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wallahi Sani, laka ka zaɓa, cikinta za ka tsufa." Mun shekara biyu tsakaninmu sai gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo yau. Kududdufin ya cika da leda, ƙasar yaɓe ma sai an kawo a amalanke daga bayan gari. Magina tsararsa duk sun bi shi. Na tabbata zai yi tsaki ya ce ɗakin bulo tanderun gasa mutane ne, kamar yadda yake faɗa tun da ransa. Amma zai kuma ga ɗansa da ya sa a boko, furfura ta fito, yana taka laka da ƙafa. Da damina ko kwana biyu ban iya yi a wani gari, hadari na haɗowa hankalina ya koma kan indararo. Matata ta gaji ta daina maganar ƙaura. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci haushin zauren nan nake ji kamar in sa masa diga.

Watan jiya Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, ta zo daga Sandamu ta tarar da ni ina kwaɓa ƙasa.

Ta ce, "Kai ɗan nan, har yanzu?"

Na ce, "Wasiyya ce, Gwaggo." Na maimaita mata kalmomin kamar yadda na ji su.

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yaya Idi fa tun yana saurayi ya so tafiya Kano koyon tuƙi, ubanmu ya ɗaure shi a nan. Ya sha gaya mini ba zai bar zauren nan ya cinye ka yadda ya cinye shi ba."

Na zauna a dakali da laka har gwiwar hannu. Ashe maganar ba ta ƙare ba. Kada ka bar zauren nan ya zube, ko kada ka bar zauren nan ya cinye ka? Gwaggo ba ta wajen, ba za ta rantse ba. Ni da nake wajen, rabi na ji, a kan rabin na gina rayuwata.

Abin da ya saura na Baba ke nan, shatin yatsunsa a saman ƙofa da guntuwar magana. Ban riƙe shi da komai ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa.

Ranar, bayan na raka Gwaggo ta hau babur, na ciro takardar Zariya daga akwati. Ta yi ja, ninkin ya tsage. Ina cikin kallonta na ji iska ta sauya, gabas ta yi baƙi, ga kwaɓina yana shirin bushewa, ga tsaga a bangon yamma. Na mayar da takardar, na jawo tsani na hau.